Yadda ake sauya kan babur, da haɗarin miƙe wanda ya lanƙwashe

A Kiyako da ƙauyukan da ke kewaye da ita a Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu ta Jihar Jigawa, babur ya gaji aikin jaki da na keke gaba ɗaya. Shi ke kai buhunan gero da riɗi kasuwar Sara da ke Ƙaramar Hukumar Gwaram, shi ke kai taki gona, kuma idan ciwo ya tashi cikin dare, sau da yawa a kansa ake garzayawa da majiyyaci zuwa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Abin hawan da ke bin yashi da rani, ya bi taɓo da damina, dole wata rana ya faɗi. Idan kuwa ya faɗi, abin da ke fara dukan ƙasa shi ne kansa, wato ƙarfen nan da mahayi ke riƙewa da hannu biyu.

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, mai babur kan auna duk kwabon da zai fitar. Shi ya sa da yawa ke gwammace a zura wa lanƙwasasshen kan bututun ƙarfe a banƙare shi, ko a kai wa mai walda ya gasa shi ya miƙe, maimakon a sayi sabo. A ido aikin kan yi kyau, amma ƙarfen bai koma yadda yake ba.

Me ya sa miƙewa ke da haɗari?

Kan babur bututu ne mai rami a ciki, kuma a yawancin baburan da ake hawa a Arewa, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue, kaurinsa milimita 22 ne. Duk inda bututu ya lanƙwashe, bayan gwiwar kan saki, cikinta kuma ya tattare. Idan aka mayar da shi da ƙarfi, wurin ya sha wahala sau biyu ke nan, sai ƙananan tsaga da ido ba ya gani su soma bayyana. Gashi da wuta kuma yana sauya ƙarfin ƙarfen, ya ƙone fentin da ke kare shi daga tsatsa. Daga nan girgizar hanya ce ke ƙarasa aikin a hankali, har ranar da aka faɗa rami da kaya niƙi-niƙi, kan ya karye a hannun mahayi. Galibi yakan karye ne dab da maɗaurinsa, inda nauyi ya fi taruwa. Wanda aka yi da alminiyom ya fi wannan haɗari, domin shi ba ya jure miƙewa ko kaɗan.

Abin dubawa kafin a saya

Faɗuwar da ta lanƙwasa kan babur tana iya taɓa abin da ke ƙarƙashinsa. Don haka sai a ɗora babur a kan jakinsa na tsakiya, a ɗaga tayar gaba, a juya kan dama da hagu. Idan yana cijewa a tsakiya, ko yana kaɗawa gaba da baya, boris ɗin wuya ya lalace. Idan kuma taya na kallon gefe alhali kan yana tsaye, mai yiwuwa shokozoban gaba ne ya murɗe, kuma sabon kai ba zai magance wannan ba.

Wajen saye, a tafi da tsohon a gwada su gefe da gefe: tsawo, tudu da yanayin gwiwa su zo ɗaya. Kayan gyaran babur da ke shigowa kasuwannin Arewa ta Kano da Nnewi ta Jihar Anambra suna da daraja hawa-hawa, kuma mai sirantaccen ƙarfe yakan tona kansa ta wajen rashin nauyi a hannu. Araha dai ba ta ado. Masu sha'awar ɗora kan da ya fi na asali tudu su sani cewa wayoyin totur da kuloci da birki an yanka su ne daidai da na kamfani, don haka ƙarin tudu na nufin sauya wayoyin su ma.

Yadda ake ɗaurawa

Da farko a kashe babur, a cire wayar batir, a shimfiɗa tsumma a kan tanki. Yana da kyau a ɗauki hoton yadda wayoyi suka bi da wayar salula kafin a taɓa komai. Sai a kwance madubai, da akwatunan makunnin fitila da hon da sigina, da mariƙin kuloci a hagu, da na birki da totur a dama. A baburan da ake kira roba-roba, sai an fara cire robar da ta rufe kan. Bayan haka a sassauta kusoshin maɗauri da sifanar da ta dace da su, domin wadda ta yi yawa tana cinye kan kusa.

Kafin a ɗaure sabon, a fara zura totur a hannun dama, saboda wayarsa ba ta da tsawon da za a ja ta daga baya. A tsakiyar kan akwai wurare biyu masu zane-zane kamar na magagari. Su ne za su zauna cikin maɗauri, kuma abin da ya leƙo a dama ya zama daidai da na hagu. Sai mai babur ya hau ya riƙe, a karkata kan har wuyan hannunsa ya miƙe ba tare da ya rusuna ba. A ɗaure kusoshin kaɗan-kaɗan bi da bi. Inda murfin maɗauri ke da ɗigon alama, a baburan da yawa alamar gaba take kallo, kuma kusoshin gaba ake fara ɗaurewa kafin na baya.

Akwatin makunni yana da ɗan haƙori a ciki da ke shiga wani ƙaramin rami a jikin kan. Wasu kan fasa haƙorin idan bai dace da ramin ba, sakamakon haka sai akwatin totur ya riƙa juyawa tare da hannu. Abin da ya dace shi ne a huda rami a daidai wurin. Robar hannun hagu kuma a saka ta da gam, kada a shafa mata mai ko giris, domin za ta iya zamewa ana cikin tafiya. Idan birkin gaba mai amfani da mai ne, a tabbatar kwanon man ya zauna daidai bai karkace ba.

Gwaji kafin a hau titi

A mayar da wayar batir, a tayar da inji a bar shi a sulo, sannan a juya kan har ƙarshe ta dama da ta hagu. Idan ƙarar inji ta ƙaru, wayar totur ta ɗame, kuma babur zai iya zabura da kansa a kan kwana. A murɗa totur a sake shi: dole ya koma da kansa nan take. A duba cewa kan ba ya dukan tanki, ba ya matse yatsa, kuma birki, kuloci, hon da sigina duk suna aiki. A ƙarshe a danna birkin gaba a tura da ƙarfi don ganin ko kan zai motsa a maɗaurinsa. Bayan tafiyar kwana ɗaya ko biyu a sake bin kusoshin da sifana.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗurran hanya, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da mahaya babura da kekuna. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta soma tilasta sanya hular kwano tun ranar 1 ga Janairun 2009, domin rage illar faɗuwa. Hana faɗuwar kanta kuwa yana farawa ne daga rumfar bakanike. Ga ɗan acaɓan da ke jigila tsakanin Kiyako da Birnin Kudu, ko manomin da ya goya iyalinsa zuwa Sara, kuɗin sabon kai da sa'a guda ta gyara sun fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan jinyar karaya a tsakiyar damina, lokacin da gona ke jiran mai ita.