DODON KOƊI DA SHANUN HUƊA

Ya kai manomin auduga, ka san dodon koɗi. Kana ganinsa a bakin tafki da fadama, da manyan dam kamar Golinga da Bontanga. To, ba iri ɗaya ba ne. Ya kamata ka san bambancinsu, domin lafiyar shanunka.

Babba mai murfi

Wannan ya kai ƙwan kaza girma. Turawa suna kiransa Pila. Allah ya ba shi hanyar numfashi biyu: a cikin ruwa yana numfashi kamar kifi, a tudu kuwa yana shaƙar iska. Ganye da gansakuka yake ci. Yana saka fararen ƙwai a cikin damshin gaɓa. Idan rani ya yi ruwa ya ƙafe, sai ya nutse cikin laka, ya ja murfinsa ya rufe, ya kwanta har ruwan Mayu. Wannan ba ya ba mutum tsargiya.

Ƙarami marar murfi

Ga mugun. Bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ɓawonsa kuwa sirara ne. Yana son ruwan da ba ya ƙafewa, marar gudu, mai ciyawa da bado. Yakan taso sama ya shaƙi iska, ya koma. Shi ne masaukin tsutsar hanta.

Ga yadda abin yake. Sa mai cutar ya yi kashi a bakin ruwa. Ƙwan tsutsa ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin dodon koɗi, su yi yawa. Bayan wata ɗaya ko biyu su fito su manne a ciyawa. Sanka ya ci ciyawar, tsutsa ta wuce hanta, cikin wata 3 zuwa 4 ta girma. Sai ka ga sa yana ramewa, ƙarƙashin haɓarsa ya kumbura, ba ya iya jan garma. Ciyawar da ya ci da rani ita ce za ta kwantar da shi lokacin huɗa. Wanda ya makara da huɗa ya makara da shuka, audugarsa ba za ta yi auki ba.

Abin da za ka yi

1. Kada ka yi kiwo a ciyawar bakin dam.
2. Ka ɗebo ruwan rijiya ka ba shanu a kwami.
3. Ka tanadi harawa da karmami tun da kaka.
4. Ka nisanta turke da juji daga bakin ruwa.
5. Ka nemi malamin dabbobi ya ba su maganin tsutsar hanta kafin damina.
6. Ka hana yara wanka da fitsari a tafki. Wani ƙaramin dodon koɗi, mai suna Bulinus, shi ke ɗauke da tsargiya. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi asibiti, akwai magani.

Ka karanta wa maƙwabcinka wannan takarda. Rigakafi ya fi magani.

Malamin Gona, Changli, Tamale