Hotunan Duwatsun Birnin Kudu: Manyan Fina-finai Da Nauyin Madubi

A wani gida a Sundimina, cikin ƙaramar hukumar Birnin Kudu, wani dattijo ya fito mana da gwangwanin alewa da ya yi tsatsa, ya buɗe, sai ga negatif guda bakwai masu kusurwa huɗu daidai, kowanne ya kusa cika tafin hannun yaro. Na ɗaurin aurensa ne. Hotunan da aka wanke a takarda gara ta cinye su tuntuni, amma da muka ɗaga negatif ɗin ga hasken rana, har zanen hular abokin ango muna iya gani. Jikokinsa ba su taɓa ganin irin wannan abu ba, ɗaya ma ya ɗauka leda ce.

To, wannan shi ne fim ɗin da masu sana'a ke kira 120. Kamfanin Kodak na Amurka ya fito da shi a shekarar 1901, faɗinsa kamar santimita 6, an naɗe shi a cikin takarda. Naɗi ɗaya hoto 12 kacal yake ɗauka idan kyamarar mai yin 6 da 6 ce, ko 10 idan ta 6 da 7 ce, alhali ƙaramin fim na milimita 35 da muka saba da shi yana ba da 36. Amma fa kowane hoto na babban ya ninka na ƙaramin girma sau uku da rabi har da ɗoriya. Shi ya sa ake iya buɗa shi ya cika bango bai dushe ba. Kyamarar da ta fi suna a wannan fanni ita ce Rolleiflex ta Jamus, wadda ta fito a 1929, mai idanu biyu, wadda mai ita yake riƙewa a ƙirji yana leƙawa ta sama kamar mai duba rijiya. Malick Sidibé na Bamako ya yi aiki da irinta a shagonsa. 'Yan sama jannatin Amurka kuwa da suka taka wata a 1969, Hasselblad ta ƙasar Siwidin suka riƙa, ita ma babbar ce.

Abin da ya sa muka ga zancen ya shafe mu a nan kudancin Jigawa shi ne duwatsun Birnin Kudu. A ƙarƙashin manyan duwatsu irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu akwai zane-zanen shanu da mutanen dā suka yi da jan launi da fari da baƙi. Abin lura shi ne shanun ba su da tozo, wato ba irin waɗanda Fulani suke kiwo a yau ba ne. Wani Baturen Ingila, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, ya yi nazarinsu a tsakiyar shekarun 1950. Shi ne kuma ya rubuta a mujallar Man a 1956 game da duwatsun da suke ƙara kamar ƙararrawa idan an buga su da ƙaramin dutse. Wuraren suna hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Zane a jikin dutse ba ya tsayawa yadda yake. Rana da ruwan damina suna cinsa, zanzaro yana gini a kansa, yara suna rubuta sunayensu da gawayi. Saboda haka hoton da aka ɗauka shekara 60 ko 70 da suka wuce ya zama shaida, domin da shi ne za a gwada a ga ƙahon da ya ɓace ko ƙafar da ta dushe. A nan ne girman fim yake da amfani, gama ƙaramin hoto zai nuna maka akwai saniya, babba kuwa zai nuna inda aka sake shafa launi a kan wani. Muna kuma roƙon masu zuwa da kyamara su bar wata mummunar ɗabi'a, wato yayyafa ruwa a kan zanen don ya fito sosai, ko bin gefensa da alli. Hoto ɗaya mai kyau bai kai a lalata abin da ba mai iya maido shi ba.

Sai batun dogon madubi, wanda yake jawo abin da ke nesa ya zo kusa. Masu ɗaukar tsuntsaye a fadamar Baturiya ta wajen Hadeja ba sa rabuwa da shi, haka ma mai son ɗaukar wani sashe na dutse da ba a iya hawa. Madubi mai milimita 600 na dā yakan kai kilo 5 zuwa 6, na yanzu kuwa kamar kilo 3, kafin a haɗa da kyamarar. Wanda bai saba ba yakan yi kuskure tun wajen ɗauka, sai ya kama kyamara ya bar madubin yana reto, nauyin duka ya koma kan ɗan zoben ƙarfen da ya haɗa su, wata rana ya lanƙwashe. Madubin ake riƙewa, kyamara ta bi shi. Haka nan idan za a ɗora a kan ƙafa uku, ƙafar da ke jikin madubin ake ɗaurewa.

Madubin da ya ninka girman tsuntsu yana ninka rawar hannu ita ma. Tsohuwar ƙa'idar masu sana'a ita ce, idan madubinka milimita 500 ne, kada ƙiftawar kyamara ta wuce kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa. A manne gwiwar hannu a jiki, a tallabi madubin ta ƙasa da hannun hagu, a saki numfashi kafin a danna. Wanda ba shi da kuɗin ƙafa uku mai ƙarfi, ya cika 'yar jaka da gero ko wake ya aza a kan dutse ko tagar mota, madubin zai kwanta lub. Mun gwada, kuma ta fi wata ƙafa uku ta araha da iska ke kaɗawa. Amma akwai abin da ba dabarar da ke maganinsa, wato kawalwalniyar da ke tashi daga dutse da tsakar rana a watan Maris da Afrilu, da kuma hazon hunturu. Mai son hoto tangaran ya fita da sassafe.

Bari mu koma kan gwangwanin dattijo, domin mun tabbata akwai irinsa da yawa a gidaje da ofisoshin majami'u, na baftisma da na taron zumuntar mata da na aza harsashin gini. Negatif ba ya son zafi da laima. Idan ya fara warin tsami, to ya kama hanyar lalacewa, a ware shi daga sauran. A sa kowanne a cikin takarda mai tsabta, a kama shi ta gefe, a rubuta sunan wuri da shekara da mutanen da ke ciki tun masu saninsu suna raye.

Raba shi kuwa yanzu ya yi sauƙi. Negatif na 6 da 6 idan aka bi shi da sikana mai kyau yana iya ba da ɗigo kusan miliyan 28. Sai dai WhatsApp yana matse hoto idan an tura shi haka kawai, ya zubar da yawancin abin da aka sha wahalar samu. A tura shi a matsayin fayil, a kuma ajiye na asalin a wuri biyu, ɗaya a wani gida dabam. Manyan ma haka suka yi. Ƙungiyar TARA da David Coulson ya kafa a Nairobi a 1996 ta tara hotunan zanen duwatsun Afirka, kuma daga 2013 gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya shiga aikin tsara kusan 25,000 daga cikinsu ya sa a intanet, har da na Nijeriya.

Na dattijon an kai su Kano, shida sun fito, na bakwai tsatsar gwangwani ta riga ta ci rabinsa, kuma a wannan rabin mahaifiyar amarya take tsaye.