Noman oganik da noman zamani na tsirran magani

Noman oganik na tsirran magani shi ne noma ganyayyaki da saiwoyin da ake magani da su ba tare da takin kanti ko maganin feshi na masana'anta ba. Manomi yana dogara ne da kashin dabbobi, da ruɓaɓɓen ganye, da sauya shuka daga shekara zuwa shekara. A noman zamani kuwa ana zuba taki irin su yuriya da NPK, ana kuma fesa maganin ƙwari da na ciyawa. Tambayar da masana suka daɗe suna yi ita ce ko hanyar noman tana sauya yawan sinadaran da ke sa tsiro ya yi magani.

Yadda tsiro ke samar da sinadaran magani

Yawancin waɗannan sinadarai tsiro yana yin su ne don kare kansa daga ƙwari, cututtuka, zafin rana da fari. Daga cikinsu akwai jinjarol mai yajin citta, da kurkumin mai launin kurkur, da antosayanin da ke sa zoɓo ja, da alisin da ke fitowa idan an daka tafarnuwa.

Nan ne taki ya shigo cikin maganar. Idan naitirojin ya yi yawa a ƙasa, tsiro yakan mayar da ƙarfinsa ga tsawo da yawan ganye, sai kason wasu sinadaran kariya ya ragu a cikin kowane kilo na ganyen. Takin gargajiya yana sakin naitirojin a hankali, shi ya sa ake zaton tsiron oganik zai fi ƙarfi. Sai dai wannan bai shafi kowane sinadari ba. Sinadaran da ke cikin dangin alkaloid da naitirojin ake gina su, don haka taki yana iya ƙara su. Ita kuma tafarnuwa farar wutar da ke cikin ƙasa ce ta fi shafar ƙarfinta.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2012 masana daga Jami'ar Stanford ta Amurka sun duba ɗimbin binciken da aka yi a baya, ba su kuwa samu hujja mai ƙarfi cewa amfanin gona na oganik ya fi gina jiki ba. A 2014 wata tawaga ƙarƙashin Jami'ar Newcastle ta Ingila ta haɗa bincike 343, ta gano cewa amfanin oganik ya fi yawan sinadaran folifenol, yana da ƙarancin ƙarfen kadmiyam mai guba, kuma samun ragowar maganin feshi a amfanin noman zamani ya ninka kusan sau huɗu. Dukkan binciken biyu kan kayan abinci aka fi yin su, saboda haka a yi hattara wajen ɗora sakamakonsu kan tsirran magani kai tsaye. Inda suka yi tarayya shi ne batun ragowar feshi, kuma wannan yana da muhimmanci ga ganyen da ake busarwa a jiƙa a sha, sau da yawa ba tare da an wanke ba.

Misalin tazargade

Nau'in tazargade da masana ke kira Artemisia annua shi ne tushen artemisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro da Tu Youyou ta ƙasar Sin da abokan aikinta suka tace a 1972, wanda ya sa ta samu kyautar Nobel a 2015. Ana noma shi a Sin, Biyetnam, Kenya, Tanzaniya da Madagaska. Yawan artemisinin a busasshen ganye kan kama daga abin da bai taka kara ya karya ba zuwa sama da kashi 1 cikin 100. Gwaje-gwaje sun nuna cewa yawan naitirojin na rage kasonsa, amma babban abin da ke kawo wannan tazara shi ne irin da aka shuka, sai lokacin yanka, wanda ya fi dacewa dab da fitar fure. Iri mara kyau ba zai yi ƙarfi ba ko da wane taki aka ba shi.

Matsaloli

Gonar oganik takan ba da amfani ƙasa da ta zamani. Wani nazari da mujallar Nature ta buga a 2012 ya ƙiyasta ragin da kusan kashi 25 cikin 100 idan aka haɗa amfanin gona daban-daban. Kashin dabbobi da bai gama ruɓewa ba yana iya shafa wa ganye ƙwayoyin cuta irin su salmonela. Ganyen da aka shanya a ƙasa ko aka adana da danshi kuma yakan yi funfuna, ko ta wace hanya aka noma shi. Ƙa'idojin noma da tattara tsirran magani da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2003 ba su wajabta noman oganik ba. Sun fi mayar da hankali kan tantance iri, tsabtar ƙasa da ruwa, taƙaita feshi, lokacin girbi da yadda ake busarwa.