Zaɓen Ƙagaggun Labarai Domin Ɗaliban Sakandare

A duk lokacin da aka zauna tsara manhajar Hausa ta sakandare, wajen zaɓen ƙagaggun labarai ne muhawara ta fi zafi. Dalili kuwa shi ne, littafin da aka ɗora wa yaro ɗan shekara 13 zuwa 18 yana iya zama na ƙarshe da zai karanta da Hausa in ya gundure shi, ko kuma ya zama mafarin sha'awar karatu har tsufa. Saboda haka muka auna littattafan ta fuskar tsayinsu da nauyin harshensu da kuma kusancin jigonsu da rayuwar ɗalibi.

A matakin ƙaramar sakandare, har yanzu ba mu ga abin da ya kai littattafan gasar 1933 da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya ƙarƙashin Rupert East ba. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam gajere ne, kuma an gina shi gaɓa-gaɓa, ta yadda malami zai iya kammala karo ɗaya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe a darasi guda, ɗalibai su tashi suna dariya, suna jiran mako mai zuwa. Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin juzu'i uku daga 1937, ya fi shi yalwar kalmomi da karin magana, amma ba ma ganin hikima a ce sai an karance shi duka. A tsamo labarai biyar ko shida, a bar yaro ya nemi sauran da kansa. Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, ya cancanci a riƙa sa shi a wannan mataki, domin tauraronsa, Kilba, yaro ne kamar masu karatun, tafiyarsa zuwa sararin samaniya kuma tana nuna musu cewa Hausa tana iya ɗaukar labarin kimiyya.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa mun fi son a jinkirta shi zuwa babbar sakandare, duk da ƙarancin shafukansa. Harshensa mai sauƙi ne, sai dai labarin bauta da ratsa hamada da wahalar da uwar Umar ta sha wajen neman ɗanta suna buƙatar ɗalibin da ya ɗan san tarihin ƙasar Hausa na ƙarni na 19. A nan ne kuma Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo zai yi amfani, saboda matashin da ya baro ƙauye ya faɗa tarkon birni ba baƙo ne ga ɗalibanmu ba. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya fito a 1982, yana buɗe ƙofar tattauna fasa-ƙwauri da cin hanci. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare kuwa, duk da ƙarfin salonsa, kashe-kashen da ke cikinsa sun sa muka bar shi ga manyan makarantu.

Babban wurin saɓani shi ne littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano, waɗanda suka bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980. Wasu malamai da iyaye suna ganin ba su da gurbi a aji ko kaɗan. A ra'ayinmu hukuncin bai-ɗaya irin wannan kuskure ne, domin su ne littattafan da ɗalibai, musamman mata, suka riƙa karantawa ba tare da an tilasta musu ba, har suna ɓoye su cikin littafin lissafi. Soyayya ma ba sabuwa ba ce a jerin littattafan makaranta: So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC ya buga a 1980, labarin soyayya ne. Abin dubawa shi ne me marubucin ya yi da jigon. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, alal misali, ya bi rayuwar yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar, ta koma ta nemi ilimi da kanta. Ɗaliba 'yar aji biyar za ta sami abin faɗa a kansa fiye da yadda za ta samu a kan Ganɗoki. Inda muke da damuwa ta gaskiya shi ne ƙa'idojin rubutu. Da yawa daga cikin waɗannan littattafai an buga su ba tare da tacewa ba, an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, an bar ƙ da ɗ da ɓ babu lanƙwasa. Ɗalibin da zai zauna jarrabawar WAEC ko NECO yana kwaikwayon abin da idonsa ya saba gani, don haka duk wanda za a sa a manhaja sai an sake tace shi tukuna.

Akwai kuma ɗaliban da Hausa ba harshensu na gida ba ne. Su karin magana da habaici ne suke tare musu hanya, ko da sun san kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Muna ba da shawarar a fara musu da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, saboda jimlolinsa gajeru ne, labarin kuma miƙaƙƙe ne, a haɗa musu da jerin ma'anonin kalmomi a ƙarshen kowane babi.