Idon Zakara: Yadda Za Mu Gane Shi, da Tambayar Asalinsa

Da yawa daga cikinmu mun taɓa cin karo da shi, ko a hanyar gona, ko a kurmin bakin rafi sa'ad da muka je neman itace. Wani tsiro ne mai yaɗo da ke nannaɗe kansa a jikin ƙananan itatuwa. Da damina ba mai kula da shi, domin yakan saje da sauran ganyaye. Amma da kaka, idan kwansonsa ya bushe ya tsage, sai ga 'ya'ya jajaye wur, kowanne da baƙin ɗigo a gefe guda. Wannan ne ya sa Hausawa suke kiransa idon zakara. Masana tsirrai kuwa suna ce da shi Abrus precatorius. Ya kamata mu san shi sosai, gama kyansa yana jawo yara, alhali kuwa akwai mugun dafi a cikin ƙwayarsa.

Ta yaya za mu gane shi? Da fari mu dubi jikinsa. Siriri ne, ba shi da ƙaya, kuma ba ya iya tsayawa da kansa sai ya sami abin hawa. Na biyu, ganyensa ya yi kama da na tsamiya: ƙananan ganyaye jere biyu-biyu a kan tsinke ɗaya. Na uku, furensa irin na wake ne, launinsa tsakanin ja-ja da shunayya mai haske, a cure wuri ɗaya. Na huɗu, kwansonsa gajere ne, wajen santimita 3 zuwa 4, kuma bayan ya tsage ƙwayoyin sukan daɗe a manne ba su zuba ba. Idan muka ɗauki ƙwaya ɗaya muka duba, za mu ga ɗan tabon da take manne da kwanso yana cikin baƙin ne.

Amma kama da wane ba wane ba ce. Minjirya ma tana da jajayen 'ya'ya, sai dai ita itaciya ce mai ƙaya, ganyenta kuma uku-uku ne masu faɗi. Saboda haka kada mu yanke hukunci a kan ƙwaya kaɗai. Mu haɗa da jiki, da ganye, da kwanso.

To, daga ina wannan tsiro ya fito? A nan ne masana suka rarrabu. Littattafai da yawa sun ce asalinsa ƙasar Indiya ne. Dalilinsu kuwa shi ne daɗewar da mutanen can suka yi suna amfani da shi. Maƙeran zinariya na Indiya sun yi ta awo da ƙwayarsa, har sunan ma'auninsu, wato ratti, daga sunan ƙwayar ya samo asali. Nauyin ratti ɗaya ya ɗan wuce kashi ɗaya cikin goma na giram. Amma daɗewar amfani da abu a wata ƙasa ba ta isa shaida cewa can kaɗai Allah ya fara tsirar da shi ba.

A shekarar 1767 ne masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya ba shi sunan da ake amfani da shi har yau. Kalmar precatorius ta Latin ce, tana nufin abin da ya shafi addu'a, domin an daɗe ana huda ƙwayoyin ana yin carbi da su. Wannan ya nuna mana inda wahalar take. Ƙwayar tana da tauri, ba ta saurin lalacewa, ga ta da kyau. Fatake da matuƙan jiragen ruwa sun yi ta yawo da ita shekaru ɗaruruwa kafin wani ya zauna ya rubuta inda ya gan ta. Duk inda ta faɗi a ƙasa mai zafi kuwa sai ta tsira, tsuntsaye kuma su ƙara baza ta. Bayan 'yan shekaru sai ta zama kamar 'yar gida.

A shekarar 1970 wani masani na lambun binciken tsirrai na Kew a Ingila, mai suna Bernard Verdcourt, ya gwada samfurori daga ƙasashe dabam-dabam. Ya ga kwanson na Afirka ya bambanta da na Asiya, sai ya raba tsiron gida biyu, ya kira namu africanus. Idan har na Afirka yana da tasa kama, alama ce ta cewa ya daɗe ƙwarai a nahiyarmu, ba baƙon jiya ba ne. Shi ya sa a yau masana da yawa suke ɗaukarsa ɗan asalin ƙasashe masu zafi na Afirka da Asiya, har zuwa arewacin Ostireliya. A nahiyar Amurka kuwa, yawancinsu suna ganin mutane ne suka kai shi. A jihar Filorida ma ya zama annoba, yana lulluɓe itatuwan wurin.

Ko daga ina ya fito, dafinsa ɗaya ne. Sunan dafin abrin, kuma aikinsa shi ne hana ƙwayoyin halittar jiki ƙera sinadarin gina jiki, sai su mutu. Ƙwaya ɗaya da aka tauna sosai tana iya hallaka mutum. Wadda aka haɗiye ba a fasa ba takan fita yadda ta shiga saboda taurin ɓawonta, amma wadda aka huda domin sarƙa ko carbi ta riga ta buɗe. Alamun ba sa bayyana nan take. Amai da gudawa, wani lokaci har da jini, sukan zo bayan sa'o'i, ko ma bayan kwana ɗaya zuwa uku. Har yanzu babu makarin wannan dafi. A asibiti ana ƙoƙarin fitar da shi daga ciki ne, a kuma ƙara wa majinyaci ruwa.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, idan mun koma gida hutu mu nuna wa ƙannenmu wannan tsiro, mu hana su wasa da 'ya'yansa ko sa su a baki. Idan yaro ya tauna, kada a jira a ga alama, a garzaya da shi asibiti, a kuma tafi da sauran ƙwayar domin likita ya gani. Rashin sani ya fi dare duhu.