IN ABINCI YA YANKE, YAYA JIKI KE YI?

Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana bukatar abinci.

Cikin ƙwaya akwai wani sinadari mai aikin gadi, masana suna ce mishi mTOR. In abinci ya wadata, shi ke sa ƙwaya ta girma. In abinci ya yanke, sai aikinshi ya tsaya. Daga nan ƙwaya ta yi wata ƴar jaka, ta tattara tsofaffin kayanta da suka lalace, ta kai su wurin narkewa. Abin da ya narke, shi take ci, da shi take gina sabon kaya. Kamar maƙeri ne da ya rasa ƙarfe, ya ɗauki tsohuwar hauya ya ƙera sabuwa.

Wannan aiki sunanshi otofaji, watau cin kai. Wani masani ɗan Japan, Yoshinori Ohsumi, ya binciko yadda yake gudana cikin yis, irin wanda ake sa ma burodi. An ba shi kyautar Nobel a shekara ta 2016.

Amma wannan tanadi na ɗan lokaci ne. In yunwa ta daɗe, jiki sai ya ci namanshi, yaro ya rame, ko ƙafafunshi su kumbura. Saboda haka in rumbu ya yi ƙasa, a fara ba yara da mata masu ciki da masu goyo. Yaron da ya rame ko ya kumbura, a kai shi likita nan da nan.