Hawan Yaila: Bazarar Kaka da Jikoki a Duwatsun Turkiyya

A arewa maso gabashin Turkiyya, a lardunan Giresun, Trabzon, Rize da Artvin, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa abin nema ce. Daga bakin tekun Bahar Aswad dutse yake tasowa, ya yi ta miƙewa har ƙololuwar Kackar wadda ta haura mita 3,900. Ƙauyuka a maƙale suke a jikin gangare, gida nan gida can, tsakanin gonakin shayi da na masara. Ruwan sama kuwa sai wanda ya gani, domin Rize tana samun fiye da milimita 2,000 a shekara, babu lardin da ya kamo ta a duk ƙasar. Da watan Yuni ya kama, iskar ƙasa-ƙasa ta yi nauyi, gumi ya fara damun mutane da dabbobi, sai iyalai su kulle gida, su kora shanu, su tattara yara, su haura yaila.

Yaila makiyaya ce a can sama, inda itatuwa suka ƙare ciyawa ta karɓe, galibi a tsayin mita 2,000 ko fiye. Kowane ƙauye da tasa, tun kaka da kakanni, kuma kowace da sunanta: Pokut, Elevit, Samistal, Kadirga. Masu yawon buɗe ido suna ɗaukar abin a matsayin shan iska, amma asalinsa lissafin abincin dabba ne. Filin ƙauye kaɗan ne, duk inda fartanya za ta iya shiga an shuka masara da wake da baƙin kabeji. Ciyawar da ta rage dole a bar ta ta girma, a yanke, a busar, a yi ingiricin da shanu za su ci idan dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa. Saboda haka sai shanu sun bar gari. Wanda ya san abin da ke sa Bafulatani ya janye garkensa daga bakin gonaki da damina ya riga ya san rabin labarin. Inda saniya ta tafi, mai tatsarta za ta bi, inda mai tatsa ta tafi kuma yara na nan a gindinta.

Ba a hawa gaba-gaɗi. Dattawan ƙauye da mai gari su ke sa rana, kuma abin kunya ne wani ya riga jama'a ya je ya cinye sabuwar ciyawa. Yanzu hukuma ma tana da baki a ciki, domin dokar makiyaya mai lamba 4342 ta 1998 ta ce filin yaila ba ya zama mallakin mutum ɗaya, ƙauye ke da haƙƙin amfani da shi, kuma mahukuntan lardi kan sanar da ranar hawa. A wurare da yawa ana yada zango tukuna a wani matsakaicin masauki da suke kira mezra, a yi 'yan makonni har ƙanƙarar sama ta narke.

Ranar tafiya tun kafin asuba gida ke tashi. An wanke shanu, an rataya musu ƙararrawa a wuya, an ɗaura musu tuntu ja da rawaya da shuɗi a goshi, wasu da shuɗin dutsen nan na tsoron kambun baka, wanda malamai suka sha yin magana a kansa amma tsofaffi ba su sake shi ba. Kowace saniya da sunanta, kuma tana amsawa. A da, tafiyar ƙafa ce ta yini guda ko biyu. Mace ta goya kwando shaƙe da tukwane da garin masara da barguna, wata ta ɗaure gadon jariri na katako a bayanta da jaririn a ciki, ɗan shekara uku a kan doki an tokare shi da kaya hagu da dama, manyan yara kuma an ba kowa tsumagiya an ce ya kula da maruƙa. Yau mota ke kwasar kaya da tsofaffi da jarirai a yawancin wurare. Duk da haka akwai gidajen da ke dagewa shanu su taka da ƙafarsu, yaran da suka tasa kuma su bi su, don a san hanya.

Idan aka duba waɗanda ke zama a sama wata biyu ko uku, za a ga mata ne da tsofaffi da ƙananan yara. Mazan wannan yanki sun daɗe da sabawa da cin rani mai nisa. Mutanen Hemshin, wani sashe na yankin, tun ƙarni na 19 suke zuwa Rasha gashin burodi da kayan zaƙi, daga baya suka buɗe shaguna a Ankara da Istanbul da Izmir. Bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata ta 1961 wasu da yawa suka nufi Jamus. Matasan mata kuma sau da yawa tsinkar shayi ke riƙe su a ƙasa, don ganyen ba ya jira, sau uku ake girbinsa tsakanin Mayu da Oktoba. Sai ragamar yaila ta koma hannun kaka. Ita ke tatsa, ita ke rabon aiki, ita ke raba faɗa, kuma gidanta na iya ɗaukar jikokin 'ya'yanta uku ko huɗu a lokaci guda.

Gidan ƙarami ne. Ƙasansa na dutse, nan shanu ke kwana. Samansa na katako, nan mutane suke, ɗumin dabbobi yana tasowa ta ƙarƙashin daɓe ya taimaka musu da sanyin dare, domin ko a watan Yuli sai an hura wuta. Murhun ƙarfe guda ne a tsakiya, a kansa ake girki, a cikinsa ake gasa burodin masara, a gefensa ake shanya safar yaran da suka shiga raɓa. Akwai ɗan ɗaki mai sanyi a ɓangaren da rana ba ta bugu, inda ake jera madara a faffaɗan kwano ta kwana afarari ya taso. Itacen girki ma daga ƙasa ake hawo da shi, shi ya sa ba a wasa da ko tsinke.

Da sassafe kaka ta sauka da bokiti ta tsuguna gindin saniya. Jika ɗan shekara biyar ko shida shi ke riƙe igiyar maraƙi, ya sake shi ya ɗan tsotsa nono ya sauko, sannan ya ja shi gefe da iyakar ƙarfinsa, maraƙi na turjewa, shi yana turjewa. Kaka ba ta ko waiwayo, sai dai ta ce, “Riƙe da kyau, ɗana, kada ka bari ya shanye mana karin kumallo.” Wannan igiya ita ce aikin farko da ake damƙa wa yaro, kuma a fuskarsa ake ganin ya san an yarda da shi. Bayan tatsa a kora shanu su hau gangare, 'yan mata su share turke, a ɗebo ruwa a idon ruwa. Sai kaɗa nono: wata 'yar ganga ta katako da aka rataye da igiya biyu a jikin azara, yara biyu su zauna fuska da fuska, wannan ya tura wancan ya maido, har man ya taru ya rabu da tsala. Aikin yana cin lokaci, hannu yana gajiya, kaka kuwa da kunne take gane ya yi, daga yadda ƙarar cikin gangar ta sauya.

Da wannan man ake yin muhlama, wanda mutanen Trabzon ke kira kuymak. A narka man shanu a kaskon tagulla, a soya garin masara a ciki, a zuba ruwa, a kawo cuku a yi ta juyawa har ya riƙa jan zare idan an ɗaga cokali. Kasko ɗaya ake ajiyewa a tsakiya, kowa ya sa burodinsa. Yaron da ya zo daga birni yana yatsina fuska ga miyar kabeji, kafin mako biyu shi ke suɗe kwano.

Jariri yana da tasa duniyar. Gadon katakon nan mai lilo ana ɗaure shi a ciki da faffaɗan ƙyalle, don kada ya faɗo idan uwa ta fita. Na dā har da rami a ƙasa da ɗan bututu da kasko, dabarar mutanen da ba su da ruwan zafi da rana isasshiya ta wankin tsumma kullum. Yayarsa 'yar shekara bakwai ita ke kaɗa gadon da ƙafa tana yi masa waƙar reno. Idan ya yi kuka babu nasa a kusa, duk matar da ta ji za ta shiga ta ɗauke shi, ba sai ta nemi izini ba. Gidajen a cure suke, ƙofofi a buɗe, kowace mace inna ce ko gwaggo, kuma tana da ikon tsawatar wa kowane yaro.

Wannan ido na jama'a ba don ladabi kaɗai ba ne, akwai haɗari na gaske. Hazo a can yana tasowa daga kwari cikin ɗan lokaci, da rana tsaka, ya rufe komai har mutum bai ganin yatsun ƙafarsa. Darasin farko da ake cusa wa yaro shi ne idan hazo ya same ka a waje, ka tsaya inda kake, ka saurari ƙararrawar shanu, ka yi kira. Akwai rafuka masu sanyi da ƙarfi, akwai gangare mai santsi, akwai beyar, ƙatuwar dabbar nan mai son zuma, wadda saboda ita ake ɗora amya a can saman dogayen itatuwa. A yankin Kushkoy na lardin Giresun mutane suna magana da fito daga wannan dutse zuwa wancan, cikakkiyar magana mai ma'ana, kuma a 2017 UNESCO ta sa wannan harshe cikin al'adun da ke buƙatar ceto na gaggawa, domin wayar hannu tana neman kashe shi. Amma cikin iyakar da aka shata musu, yara suna da 'yancin da ba su samu a birni. Su yini suna tare ruwan rafi da duwatsu, suna bin maruƙa, su dawo baki baƙi ƙirin da likapa, 'ya'yan wani tsiro da ke nuna a ƙarshen bazara.

A tsakiyar Yuli, idan an gama noman masara a ƙauye, waɗanda suka rage a ƙasa su ma su hawo na 'yan kwanaki. A nan yaro ke ganin uwarsa ko ubansa bayan makonni, ya sumbaci hannun manya ya kai goshi yadda aka koya masa. A Kadirga, kan iyakar Trabzon da Gumushane, ana babban taro a Juma'a ta uku ta watan, a yi salla a masallacin da ba shi da rufi, wanda ake danganta shi da Sarki Muhammadu Fatih da ya ci Trabzon a 1461. Bayan salla a kama hannu a yi rawar horon, da ƙaramin goge mai tsarkiya uku da ake kira kemence, a ƙasar Hemshin kuma da tulum, salkar fatar akuya da ake hurawa. Ƙananan yara a ƙarshen layi suke maƙalewa, suna satar takun manya da ido. Abu guda da ke ɓata wannan biki shi ne harbin bindiga sama don murna. An yi asarar rayuka ta wannan hanya, kuma ban ga uzurin da za a ba wa mai yin haka a filin da ke cike da yara ba.

Makarantun Turkiyya suna rufewa a watan Yuni su buɗe a Satumba, don haka yanzu yawancin jikokin da ke yaila daga Istanbul ko Ankara ko Jamus aka kawo su. A nan ɗan wa da ɗan ƙani ke fara sanin juna, su kwana bargo ɗaya, su yi faɗa su shirya. A nan wanda harshensa ya karkata ga Jamusanci ke ɗaukar karin maganar kakarsa, wasu kuma su fara karatun Alƙur'ani wurin liman ko wani tsoho. Iyaye da yawa suna jure kewar 'ya'yansu saboda wannan.

Sai dai duk wannan a wuyan tsofaffin mata yake rataye, kuma bai kamata kyawun wurin ya rufe mana ido ba. Su ke tashi kafin kowa, su ke goya ciyawa da itace har baya ya ranƙwafa, kuma idan yaro ya yi zazzaɓi cikin dare asibiti yana can ƙasa, bayan sa'o'i a kan mummunar hanya. Ba a ga laifin 'yar da ta ce ba za ta gaji wannan wahala ba. Shanu suna raguwa, gidajen siminti da masaukan baƙi suna ƙaruwa, wurare irin su Ayder da Uzungol sun zama kasuwar masu yawon buɗe ido, da yawansu daga ƙasashen Larabawa. Da gwamnati ta ɗauko aikin hanya mai kusan kilomita 2,600 da za ta haɗa makiyayun yankin, mutane sun rabu biyu, wasu na son sauƙin zirga-zirga, wasu na tsoron abin da zai biyo hanyar. A 2015 a Samistal, wata tsohuwa da aka fi sani da Havva Ana ce ta zauna da sandarta a gaban motar rusau, hotonta ya zagaye ƙasar. Ba mamaki da ya zama tsohuwa ce, don su suka san abin da ke cikin wurin.

Sauka a hankali take farawa. A watan Agusta mutanen Giresun da Trabzon su fara zarewa don girbin findik, ɗan itacen nan mai ɓawo da Turkiyya ta fi kowace ƙasa nomawa. Sai wani fure mai ruwan hoda da suke kira vargit ya fito a cikin ciyawar da ta fara ja, kowa ya san sanyi ya kusa. A kwashe yaran makaranta a mota ta farko. Kaka da shanu su ɗan ƙara kwanaki, sannan a rufe tagogi da katako, a tokare rufi saboda nauyin ƙanƙara, a gangara mezra. Man shanu da cukun da aka tara duk bazara a raba su gida-gida, a cika gwangwanaye, a ɗora wa motocin safa masu zuwa Istanbul da sunan kowane ɗa a jikin nasa. 'Yan Jamus ba sa samun wannan kaso, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da kayan nono daga waje, sai a cika musu jaka da ganyen shayi da garin masara a maimako.